Ƙyallen Tak Man-bok

Sana'ata buga ƙyallen sanarwa da rataya shi. Na daɗe a kanta har gwiwoyina sun fara ƙin tsani. Na buga na 'yan siyasa, na masu sayar da taki, na wanda karensa ya ɓata. Ba na karanta abin da ke jiki sai don duba kuskure. Guda ɗaya ne na riƙe kalmominsa a ka, shi ne na Tak Man-bok, manomin barkono a ƙauyen Baramgol.

A ƙauyen aka haifi Man-bok, kuma in ban da zaman da ya yi a soja bai taɓa barinsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da wata koriyar hula da gwamnati ta raba musu tun zamanin aikin gayya na gyaran ƙauyuka. Jam'iyya ɗaya yake zaɓa tun yana saurayi, ba ya kuma son a zagi gwamnati a gabansa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu: namiji yana tuƙa babbar mota a Busan, macen kuma ita ce Hye-ran.

A bakin hanyar ƙauyen, gefen wurin tsayawar bas, akwai maratayin ƙarfe na gunduma. Idan ɗan wani ya ci wata babbar jarrabawa ko ya sami muƙami, can ake rataya masa ƙyalle. Sunan uba ke zuwa farko, sai na ɗan, sai abin da ya samu, a ƙarshe a rubuta "daga mutanen Baramgol baki ɗaya". Man-bok ne ɗan aiken wannan hidima, domin shi ke da ƙaramar motar kaya. Shi ya zo shagona lokacin da ɗan dagaci Bong ya zama lauya, shi ya zo don 'yar gidan Chu da ta zama likitar haƙori, har da na wani jika da ya kayar da kowa a kokawar gunduma. Ina kan tsani, shi yana riƙe da ƙafar tsanin. Idan na sauko sai ya ja da baya ya karanta sunan uban da ƙarfi, ya gyaɗa kai, ya shiga mota. Bai taɓa ce mini yana jiran nasa ba. Ba sai ya faɗa ba.

Hye-ran ta fara da koyarwa, aiki mai albashi da fansho, sai ta ajiye ta koma rubuta littattafai a Seoul. Tsawon kaka guda uban bai ɗaga wayarta ba.

"Wa zai hau tsani don mutum ya zauna a ɗaki yana shirya ƙarya?" in ji shi.

Sai ga shi wata shekara littafinta ya ci kyauta a Turai. An faɗa a talabijin a gurguje, tsakanin farashin kabeji da hasashen ruwa. Washegari Man-bok ya shigo shagona tare da dagaci Bong.

"Mai shago, yau ƙyallena za ka buga," ya ce.

"Me za a rubuta, Baba?"

"Kamar na kowa. Sunana, sunanta, kyautar. Kada ka rage mini tsawo ko da taƙi ɗaya a kan na ɗan wannan." Ya nuna Bong da haɓa.

"Nawa lauya ne fa, Yaya," in ji Bong.

"Lauyan da Turawa ba su san da zamansa ba."

Na tambaye shi littafin a kan me yake. Ya ce bai sani ba, waɗanda suka karanta sun ce ya yi, shi ke nan. Na buga masa farin ƙyalle da baƙaƙen haruffa da shuɗin baki.

Ba a rataya komai a maratayin gunduma sai da hatimin ofis a kusurwa. Mai buga hatimin wani ne Gu, na san shi tun yana sabon ma'aikaci. Yawanci ko buɗe ƙyallen ba ya yi, kusurwar kawai yake ja ya danna. Ran nan ya warware, ya karanta, ya shiga ciki da shi. Da ya fito sai ya ce babu gurbi.

"Ƙarfen ƙasa na maratayin babu kowa a kai. Ni na sauke na mai maganin ɓera da hannuna."

"Za a yi masa fenti."

"Yaushe?"

Ya biyo ni waje kamar zai sha taba.

"Yaya, kada ka sa ni magana," ya ce. "Sunan matar nan ba a son ganinsa daga sama. An kwashe littattafanta daga laburarenmu, taron da aka gayyace ta an soke. Ba wanda ya rubuto komai, waya kawai ake bugowa. Ina da yara biyu a makaranta."

Daga baya na ji littafin ya taɓo abin da sojoji suka yi a kwarin nan lokacin yaƙi, abin da tsofaffi ke sauke murya idan hira ta biyo ta kansa.

Man-bok ya ɗauka kuskure ne. Ya sa kwat ɗin da ya halarci auren ɗansa da ita, ya ɗora koriyar hular, ya tafi ofis da kansa. An ba shi kujera da shayin sha'ir, an ce shugaban sashe ya fita taro. Ya gaya wa duk wanda ya gifta cewa shi ya zaɓe su, tun kafin a haifi wasunsu yake zaɓen su. Suka rusuna masa, suka wuce. Da aka tashi aiki ya dawo gida.

Ya nemi dagaci ya raka shi karo na biyu. Ina wurin, a zauren tsofaffi, na je gyara musu allon ƙofa. Bong yana ta jujjuya kofi a hannu.

"Yaya, gadar nan tamu ake cewa bana za a gyara. Ka san halin mutanen ofis."

"Wa ya riƙe tsani ranar ɗanka?"

"Kai ne. Ban musa ba."

"Ana ruwa."

"Ana ruwa, na sani. Amma ɗana bai je ya tono kakannin mutane ya kai wa Turawa ba."

"Ɗanka ko rijiya ba zai iya tonawa ba," in ji wata tsohuwa daga gefe, matar Chu. Aka yi dariya kaɗan, aka koma kan karta. Ba wanda ya tashi ya bi Man-bok.

Ni ma na gaya masa gaskiya. Aikin sauke ƙyallen da ba shi da hatimi a hannuna yake. In ya rataya da safe, ni za a turo da rana.

"Ba zan sa ka hawa tsani sau biyu ba," ya ce. Ya naɗe ƙyallen ya sa a bayan mota.

Da kaka ta yi, kowa ya fito da barkononsa gefen titi yana shanya a kan tamfol, kamar kowace shekara. Man-bok ya kawo nasa daidai gindin maratayin. Bai zo da tamfol ba. Ƙyallen ya shimfiɗa, ya danne kusurwoyi da duwatsu, ya zuba barkono. Matar Chu ta zo wucewa ta tsaya.

"Baban Hye-ran, ka haukace? Ja a kan sunan mai rai, alhali sunan mamaci ake sa wa ja? So kake ka binne yarinyar?"

Ya dubi ƙyallen. Ya tsuguna ya share barkonon daga kan sunayen biyu, ya jera shi a farin wuri, tsakanin layi da layi. Duk wanda ke cikin bas, in ya leƙo ta taga, zai karanta komai.

Kwana kaɗan sai ga Gu a motar ofis. Ya sauko ya zagaya shanyar.

"Baba, wannan fa?"

"Barkono ne. In auna maka?"

"Ƙyallen nake nufi."

"Shimfiɗa ce. Ita ma hatimi take so?"

Gu ya sosa ƙeya. Ya ce barkonon ya yi kyau bana, ya koma mota. Ba a turo ni ba, domin aikina saukewa ne, wannan kuwa yana ƙasa.

Wasu a gari sun yaba da dabarar. Shi bai ɗauke ta a bakin komai ba. Na same shi wata rana yana korar kare da ya taka tsakiyar sunansa.

"Sunan mutum ba a ƙasa yake zama ba," ya ce. "Na Bong a sama aka sa shi."

Duk da haka kowace kaka sai ya shimfiɗa. Rana ta ci shuɗin bakin, barkono ya bar tabo, wani gefe ya yage ya ɗinke da zaren buhu.

Sau ɗaya na ga Hye-ran, lokacin bikin kaka. Na tsaya sayen barkono, ita kuma ta sauka daga bas da jaka da kwalin 'ya'yan itace. Doguwa ce, furfura ta fara fito mata, fuskar uban sak. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Baba, ka naɗe abin nan. Ni ba na bukatarsa."

"Wa ya ce naki ne? Sunan wa ke gaba?"

"Mutane dariya suke maka."

"Su yi. Kin ci abinci?"

"Ka ma karanta littafin?"

Ya juya barkono da hannu. "Na kai inda aka tara mutane a bayan gidan Chu na ajiye. Sauran na sani. Ina goye a bayan kakarki."

Ta ajiye jakar, ta tsuguna ta kama juya barkono tare da shi. Na karɓi nawa na tafi.

Shekaru suka wuce, gwamnatin ta faɗi. Aka yi ta faɗa a talabijin cewa lallai an ware marubuta da masu fim da masu zane da ba a so a taimaka musu. Man-bok ya kashe talabijin ɗin zauren tsofaffi, ya ce hayaniya ta yi yawa. Da zaɓe ya zo, ban san abin da ya dangwala ba, amma da koriyar hular ya je.

Sai Hye-ran ta sake cin wata kyauta, wadda ta fi ta farko. Wannan karon gunduma ce ta kira ni. Suna son ƙyallen da zai rufe gaban ofis daga rufi zuwa ƙofa: "'Yar gundumarmu, abin alfaharinmu", hotonta, sai sunan shugaban gunduma a ƙasa. Na buga, na hayo mota mai ƙugiya na rataya. Laburare ya fito da littattafan ya jera a bakin ƙofa da furanni.

Man-bok ya zo gari a bas, don ya daina tuƙi, idanunsa sun yi rauni. Ya tsaya a tsallaken titi ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Ina sunan ubanta?"

"Babu, Baba."

"Shugaban gunduma ne ya haife ta?"

Da yamma Bong ya shigo shagona, ya tsufa shi ma, gadar kuwa an daɗe da gyarawa. Ya ce ƙauye na son sabon ƙyalle, babba, mai ruwan zinariya, da sabuwar kyautar a jiki. Man-bok yana zaune a kan kujerata da naɗaɗɗen abu a cinya.

"Akwai ƙyalle," ya ce.

"Haba Yaya, wannan tsumman? 'Yan jarida za su zo fa."

"Su zo. An rubuta daga mutanen Baramgol baki ɗaya. Ko ka cire kanka?"

Bong ya dube ni. Na ci gaba da wanke burushi.

Ni na kai wa Gu tsohon. An ƙara masa girma amma hatimin yana teburinsa. Ya warware ƙyallen, warin barkono ya tashi har ya yi atishawa. Ya nemi wuri mai tsabta a kusurwa bai samu ba, ya danna a kan tabo.

"Ka gaida Baba," ya ce, bai ɗago kai ba.

Da safe muka rataya shi a ƙarfen sama, bisa tallar na'urar ji da ta masu yashe masai. Na ce wa Man-bok ya zauna, akwai masu riƙe tsani. Ya ture hannun Bong ya kama da kansa. Ina jin tsanin yana rawa a ƙarƙashina. Da na sauko ya ja da baya har tsakiyar titi, bas ta tsaya tana jiransa. Ba ya ganin haruffan, amma ya faɗi sunan da ƙarfi kamar yadda ya saba yi wa na mutane.

"Ya karkace ta hagu," ya ce.

Na duba, daidai yake. Na sake hawa na taɓa igiyar na sauko.

"Yanzu ya yi."

Matar Chu ta kawo dafaffen dankali da giyar shinkafa, aka zauna a wurin tsayawar bas aka ci. 'Yan jarida ba su zo ba, suna can gaban ofis.

Hatimi yana da wa'adi. Da ya cika na je na sauke ƙyallen, don wani mai koyar da tuƙi yana jiran gurbin. Na kai wa Man-bok gida. Ya karɓa, ya kakkaɓe, ya ninke shi da kyau, ya sa a akwatin da kayan matarsa suke. Da kaka ta zagayo na gan shi a gefen titi yana shanya barkono a kan sabon tamfol.