Mai Kunyar Sama

A gidanmu na Saga, duk daren da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kowa sai ya yi tsaki, ban da Kaka. Ita murna take yi. Takan sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zuba ɓuntun shinkafa kan garwashi don hayaƙi ya kori sauro, sa'an nan ta ce, "Ku matso, sama ta buɗe."

Ina ƙaramar lakwal, wato firamare, a lokacin, kuma ba ni da baki. Ko malaminmu, da muke kira mushe, ya tambaye ni abin da na sani, sai in sunkuyar da kai. Wurina kullum bayan Kaka ne, inda nake jin ƙanshin man kaɗanya a zanenta.

Da zarar damina ta wuce, tatsuniya ɗaya take maimaita mana. Wai taurari sun yi biki, kowace ta ci ado ta fito fili. Sai wata yarinya ta taho daga gari mai nisa da 'yar fitilarta. Da ta hango taron, kunya ta kama ta, ta tsaya can baya ta rufe fitilar da gefen mayafi. Har yau tana nan tsaye. Wanda ya zura mata ido, sai ta ɓace. Sai ka dubi gefenta kamar ba ruwanka da ita, sa'an nan ta bayyana.

Uwar Kaka ce ta nuna mata ita a ƙauyensu na Tahoua. Amma a shekarar da nake faɗi, yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani, kuma cikinmu ba wanda ya taɓa ganin yarinyar.

"In idon nan ya tafi ban nuna wa kowa ba, shi ke nan, ta zama ƙarya," in ji ta.

Wani dare bayan isha'i ta sa aka rufe garwashin da tsohon kwano, ta hana a kunna ko da wayar hannu. Muka zauna cikin duhu, kwaɗi na ta kuka a fadamar shinkafa. Ta kwatanta mana wasu taurari ta arewa masu kama da karyayyen kara, ta ce mu bi tsininsu mu hau sama kaɗan.

Yayana Mamman ya buɗe ido kamar zai haɗiye sama. "Kaka, babu komai. Ko dai yanar idonki kike gani?"

"Ji mijin banza! Kai ko kura ce ka kalle ta haka ai sai ta gudu."

Kowa ya yi dariya, amma na ji muryarta ta yi sanyi. Ta fara laluben takalmanta.

Ni kuwa na riga na gan ta. Na saba kallon mutane ta gefen ido, don haka ban sha wahala ba. Sai dai kunya ta hana ni faɗa. Da na ga Kaka za ta tashi, sai na riƙe zanenta.

"Na gan ta."

"Wa ya yi magana? Rakiya?" Ta juyo. "Kamar me take?"

"Kamar an ɗiga nono a baƙin zane, an goge da yatsa. Doguwa ce kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa."

"In kin dube ta sosai fa?"

"Sai ta tafi."

Kaka ta lalubo kaina ta dafa. "Ita ce. Alhamdulillahi."

Bara a lise, babbar sakandare, malamin kimiyya ya nuna mana hotonta. Ya ce sunanta Andromède, kuma tarin taurari ne da ba su ƙirguwa, masu nisan da haskensu ya yi shekara fiye da miliyan biyu a hanya. Da ya tambayi wanda ya taɓa ganinta da ido, na ɗaga hannu, abin da ban saba yi ba.

Da na koma gida na gaya wa Kaka, sai ta yi dariya har da tari. "Ashe da danginta ta zo! Ni ina ta jin tausayinta, wai ita kaɗai ce."

Na daɗe ina zaton kunyata aibi ce. Kaka ba ta taɓa ce mini in daina ba, ta dai nuna mini abin da irin idona ke iya gani, kuma ina gode mata.

Yanzu ba ta ganin ko fitila. Amma duk sanda aka ɗauke kuran bayan damina, ta kan gane da tsayawar fanka, sai in ji ta daga ɗaki.

"Rakiya, tana nan?"

In fita tsakar gida, in jira idona ya saba da duhu, in dubi gefe.

"Tana nan, Kaka."