Ajiyar Rafali

Gwaggo ta shekara da shekaru tana sayar da burodi da soyayyen ƙwai a filin ƙwallonmu, amma ba ta taɓa kallon wasa ba. Teburinta yana ƙarƙashin matakalar da 'yan kallo ke hawa, inda siminti ke gumi ko ba damina. Daga nan take jin komai. In rufin ya girgiza, ta san mun ci. In aka yi tsit kamar ruwa ya ci gari, sai ta rage wutar risho, domin wanda aka ci ba ya jin yunwa. Mutane na cewa gani ya kori ji, ita kam jin ya ishe ta.

Ni tela ne, kuma na ci burodin filaye da yawa, saboda haka ba da ka nake magana ba. Irin nata babu. Sai ka iso gabanta take fasa ƙwan, ta zuba albasa da barkono, ta tsaga burodin ta danna shi a kan kaskon har ya sha mai. Tana naɗe maka a takarda tana yi maka faɗa. "Kai, wannan cikin naka ya fi na 'yan wasan gudu," in ji ta. Kowa Gwaggo yake ce mata, har masu furfura.

Mijinta bakanike ne, muna kiransa Rafali, saboda a ganinsa duk alƙalin wasan da aka taɓa haifa makaho ne. Mutum ne mai ƙaton murya da son dariya, kuma ba ya cin albasa, ko warinta ba ya so. Duk hutun rabin lokaci zai sauko, ta soya masa nasa daban a gefen kasko.

Wata ranar wasa ya ɗan makara wajen saukowa. Ta naɗe masa ke nan ta miƙa, sai ihu ya tashi a sama, an dawo fili har an ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya mayar mata da burodin ya ce, "Ajiye min, yanzu zan dawo." Ya haye da gudu. Mun ci ƙwallon, jama'a suka turo gaba gaba ɗaya, ƙarfen da ake dafawa ya karye. Gwaggo ta ji rufin ya girgiza ta yi murmushi, sannan ta ji wata ƙara da ba ta san irinta ba. Mutanen da suka faɗo da dama sun tashi. Rafali bai tashi ba.

Da ta gama takaba ta dawo teburinta. Ba ta yi wa kowa kuka ba, faɗanta ma bai ragu ba. Abu ɗaya ne ya ƙaru. Duk hutun rabin lokaci takan soya guda ɗaya ba albasa, ta naɗe, ta ɗora a kan ɗan bangon da ke bayanta. Wani baƙo ya taɓa miƙa hannu zai ɗauka, ganin layi ya yi tsawo.

"Ba na sayarwa ba ne," ta ce. "Ajiya ce."

Ba hauka take ba, kada wani ya ce haka a gabana. Ta san inda aka binne shi, ta fi kowa sani. Amma mutum ya ba ta ajiya a wannan wurin, kuma bai zo ya karɓa ba, bai kuma ce ya bar mata ba. Idan an tashi wasa sai ta tsaya tana kallon matakalar har kowa ya sauko. Wanda ya zo ƙarshe shi take miƙa wa. Saboda haka za ka ga ƙarti suna ture juna, kowa na gudun zama na ƙarshe, ana dariya, amma dariyar iyakarta baki. Ni kaina tsoron burodin nan nake ji.

Bara aka gyara filin. Aka shafa fenti, aka sa fitilu, aka ce masu tebur su tashi, an ba wani kamfani sayar da abinci. Ba a kuma shiga da abincin waje, ana laluba jaka a ƙofa. Mun je mun roƙi manajan filin a bar mata kusurwarta, ya saurare mu da ladabi, ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Burodin kamfanin kuwa a leda yake zuwa, a liƙe, da sanyi kamar hannun mara lafiya. Ƙwan ciki ba ka sanin ranar da aka soya shi, kuma an yayyanka albasa ƙanana a ciki tun daga can. Na ci sau ɗaya na rantse ba zan ƙara ba.

Na ɗauka shi ke nan, ajiya ta ƙare. Wasan farko bayan gyara, ina saukowa hutun rabin lokaci sai ga Gwaggo a layin shagon kamfani, da tikiti a hannu kamar kowa. An karɓe nata burodin a ƙofa.

"'Yata, a ba ni ɗaya ba albasa," ta ce wa mai sayarwar.

"Wallahi Mama, a haɗe yake zuwa, ba a cirewa."

Gwaggo ta karɓa. Ta je inda teburinta yake a da, ta shimfiɗa gefen zaninta ta zauna a ƙasa. Ta yage ledar, ta buɗe burodin a cinyarta, ta fara tsince albasar da farce, ƙwaya ƙwaya, tana kawo shi kusa da ido. Aka koma wasa, rufin ya girgiza, ba ta ɗaga kai ba. Da ta gama ta naɗe shi a takardar da ta ciro daga ɗaurin zaninta, ta ɗora a kan bangon. Na tsaya a bayan ginshiƙi zuciyata ta karye, na kasa komawa sama.

Tun daga ranar na daina gudun matakalar. Nakan zauna sai masu shara sun fara tattara ledoji, sannan in sauko a hankali. Tana nan tsaye. Ba ni take fara kallo ba, sai ta leƙa bayana tukuna.

"Ba kowa a saman?"

"Ba kowa, Gwaggo."

Sai ta miƙo min. Nakan ci a gabanta, duk sanyinsa, duk da rantsuwata. Makon jiya na tauna albasa har guda biyu da idonta bai gani ba. Na haɗiye, ban gaya mata ba.