Hoton Rai-ɗore a Takardar Tafasa

Ni da taubashiyata, 'yar goggona, wata biyar ne tsakaninmu, ni ce babba. Tare aka sa mu firamare a Shamaki, benci ɗaya muke zama, kuma har yau idan an matsa wa Goggo za ta yarda na fi 'yarta saurin ɗaukar karatu. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare, lokacin da ciwon Inna ya yi tsanani aka rasa mai zama da ita. Daga nan sai aure, sai Kagarawal, sai yara biyu. Ita kuwa ta yi ta tafiya har jami'a, ta gama, ta koma digiri na biyu a kan ilimin tsirrai. A wasan taubasai ni 'yar namiji ce, ita 'yar mace, don haka baiwata nake ce mata tun muna ƙanana, ita kuma ta murguɗa baki ta ce uwar ɗakina.

Wata damina taubashiyata ta zo gidana ta ce tana son ganyen tafasa mai yawa. Za ta tatsi ruwansa a ɗakin gwaji ta ga ko yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa yara gudawa. Safiya uku na yi ina tsinka a bakin gonar maigidana, ɗana yana goye, raɓa ta jiƙa mini zani har gwiwa. Ta ce kada rana ta taɓa shi, sai na shanya a tsakar ɗakina, ina juyawa safe da yamma, ina korar akuya, ina korar 'yata da take son watsa shi sama. Da ya bushe ta zo da keke mai ƙafa uku na haya ta ɗauki buhun. Ta ce Allah Ya bar mata uwar ɗakinta, na ce baiwa ta iya godiya yau.

Sai da damina ta zagayo aka zo batun rubutawa. Malaminta ya ce ba zai sa ta cikin waɗanda za su kare aikinsu a zangon nan ba sai ta tura takardar ga wata mujallar masana halittu, ta kawo masa shaidar sun karɓa don dubawa. Wata mujallar ta riga ta dawo mata da ita ba a ko karanta ba, wai ba ta bi tsarinsu ba.

Kowace Juma'a muna taruwa gidan Goggo. A nan nake samunta a kan tabarma, kwamfuta a cinya, tana mita. Wai taƙaitaccen bayanin farko yana da adadin kalmomin da ba zai wuce ba, tana ta cire kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wai kowane layi sai an sa masa lamba a gefe. Sunan tsiro na boko sai a karkace za a rubuta shi. Littattafan da ta karanta sai an jera su yadda mujallar ke so, har waƙafi da aya. Ina jin duk wannan ina shayar da yaro, ban san lokacin da na haddace ba.

Abin da ke ci mini rai Goggo ce. Da ɗana ya yi ɗan kuka sai ta ce a fita da shi zaure, Malama tana aiki. Malama. Ni da na goya ta a bayana ranar da ta taka ƙaya a hanyar makaranta. Ko maigidana, da ya zo ɗaukarmu, sai da ya tsaya ya leƙa kwamfutar ya ce kai, yarinyar nan akwai kai. Duk hanyar Kagarawal ban yi masa magana ba, shi kuma bai gane dalili ba.

Saura mako guda ta tura, na ce baiwa ta nuna wa uwar ɗakinta abin da aka yi da ganyenta. Ta matso. A saman shafin farko sunaye huɗu ne, nata, na malaminta, na wani mai ɗakin gwaji, da na wani farfesa da ita da bakinta ta ce sau ɗaya ya karanta takardar. Turancina bai kai ko'ina ba, amma ina gane sunana in na gan shi. Na ce cikin wasa ina nawa? Ta gangara can ƙasa, wurin godiya, ta fassara mini: ana gode wa wata mata a Kagarawal da ta tattaro ganyen. Ta ce dokar mujalla ce, sama na waɗanda suka yi binciken ne. Na yi dariya har da tafa hannu. Wata mata.

Tana komawa sama sai hoton ya wuce. Na ce ta tsaya.

Tsiro ne kore shar da furen rawaya, an rubuta wani abu a karkace a ƙarƙashinsa. Ta ce tafasar ke nan. Ta manta ba ta ɗauki hoton nawa ba kafin ya bushe, sai ranar nan tana jiran keke a Bolari ta ga wata ta yi kyau jikin katangar gareji, ta ɗauka da waya.

Ganyen tafasa kansa a zagaye yake, uku nan uku nan a kara, 'ya'yanta sirara ne dogaye masu lanƙwasa. Wannan na hoton ganyensa mai tsini ne, ya fi uku a kowane gefe, kwanson kuma a baje. Rai-ɗore ne. Shi nake dafawa in yi wa ɗana wanka idan jikinsa ya yi zafi, warinsa sai ya wuni a hannuna. Furen ne kawai ya haɗa su.

Na ce hoton ya fita sosai.

Makon nan ban ji daɗinsa ba. Ranar Lahadi na yi kwaɗon tafasa na kasa ci. Wani lokaci sai in ga masanan can suna duba hoton suna kallon juna, suna dawo mata da takardar, sai in ji wani sanyi a ƙirjina wanda ba na so in faɗi sunansa. Can kuma sai tsoro ya kama ni, ina tunanin wata uwa a wani gari ta ga hoton ta tsinko rai-ɗore ta zuba wa yaranta a miya. Na san uwa irina ba ta karanta irin wannan mujalla, amma tunanin bai bar ni ba. Sau biyu na ɗauki waya na nemo lambarta. Sai in ce ai sunaye huɗu ne a sama, har da farfesa, su gani mana. Mene ne na wata mata?

Juma'a bayan la'asar ta zauna turawa. Akwatuna ne a shafin mujallar ana cikewa ɗaya bayan ɗaya, a ɗora takarda daban, hoto daban, wasiƙar edita daban. Intanet yana ta jan ƙafa. Ina zaune kusa da ita, na ga hoton yana hawa a hankali har ya cika, bakina a rufe. Goggo ta ce ta yi bisimilla. Ta yi, ta danna. Ba a jima ba saƙo ya shigo cewa sun samu.

Goggo ta share hawaye da bakin mayafi, ta fito da zoɓo. Wata maƙwabciya da ta shigo ta dafa kan 'yata ta ce mini in dage, ko Allah zai sa wannan ta gado ƙanwar uwarta. A nan maganar ta fito.

"Baiwata, hoton nan naki fa ba tafasa ba ce. Rai-ɗore ne."

Aka yi dariya, an ɗauka wasan taubasai ne. Ita ba ta yi ba. Ta buɗe hoton ta ƙara masa girma, ta miƙa wa Goggo. Goggo ta sa tabarau, ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba ta ce rai-ɗore ne, wa ya ce tafasa ce? Ashe ba a taɓa nuna wa Goggo hoton ba.

Taubashiyata ta rufe kwamfutar a hankali.

"Adda, yaushe kika gani?"

Ba ta taɓa ce mini Adda, wato yaya, ba. Da na ce yanzun nan, da ya wuce. Na duba ɗana da ke wasa da murfin kofi.

"Waccan Juma'ar."

Maƙwabciyar ta ce ta bar tukunya a wuta.

Washegari da hantsi ta zo Kagarawal da farar takarda da ɗan littafi. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya. Muka tafi bakin gona, ina gaba tana baya. Na tsinko mata tafasa, na nemo rai-ɗore a gindin juji, na ajiye su gefe da gefe. Ta ce in faɗa mata yadda nake rarrabewa. Ina faɗa tana rubutawa, ta ƙirga ganye da yatsa, ta murza kowanne ta shinshina. Ta shimfiɗa takardar a inuwa ta ɗora reshen, ta ɗauki hoto ya fi goma. Ko a lokacin, da kunyar da ke kaina, idona yana kan yadda bironta ke gudu a littafin nan.

A hanyar komawa na tambaye ta ko za a iya canza hoton kawai. Ta ce sai ta rubuta wa editan ta janye takardar, sannan ta fuskanci malaminta, tunda da sunansa aka tura. Na ce to zangon nan fa? Ta ce ranar Litinin ake rufe sunaye.

Abokan karatunta sun kare nasu a wannan zangon ba da ita ba. Ita sai da ta jira na gaba. Ranar da aka yi nata Goggo ta aiko a gaya mini, na yi wa yara wanka muka je. Muka tsaya a baranda saboda ɗana ba ya zama shiru. Ta taga nake hango ta a gaban allo, ta kai kan hoton, wani malami ya yi mata tambaya a kan ganyen, ta amsa ba ta ko duba takarda ba.