Gonar Jerko a Bayan Ganuwa

Jerko Grubišić manomin inabi ne a garin Solin, kusa da birnin Split. Gonarsa tana jingine da ganuwar tsohon birnin Romawa, kuma shekara arba'in ya yi yana nomanta. Duk sanda fartanyarsa ta ci karo da sassaƙaƙƙen dutse, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya dasa a gefe, kamar yadda ubansa yake yi. Shi ya sa layukan inabinsa ba su taɓa miƙewa ba.

A bazarar 1962 masu tonon kufai suka zo daga Split suna kafa turaku a gonakin mutane. Jerko ya ɗauko wata taswira ta zamanin mulkin Ostiriya, mai rubutun Jamusanci, daga akwatin mahaifinsa: ga Split da tashar jiragen ruwanta, ga kufai an shafa masa jan launi. Ran Talata ya kawo mini ita, matarsa Manda tana biye da shi.

"Vicko, kai da limaman coci suka ɗura wa Jamusanci, duba nan," in ji shi. "Ga ganuwa, ga gonata a waje. Birni suke nema, ina ruwansu da ni?"

Na sa tabarau. A kan gonarsa akwai kalma guda, da ƙananan haruffa.

"Jerko, makabarta aka rubuta. Romawa ba sa binne mutum a cikin gari, sai bayan ganuwa. Abin da mutanen nan suka fi so ke nan. Mayar da ita akwati, kada kowa ya gani."

Ya murza hularsa.

"Ka nuna wa wani?" na tambaye shi.

"Jiya. Shugaban masu tonon har hannu ya ba ni."

Manda ta tafa hannu. "Sannu, gwani! Kura tana can tana yawo, ka je ka yi mata kwatancen gida."

"Ke dai bari, tsohuwa. Na gaji."

Masu tonon sun bar shi ya tsinke inabin kaka, sannan suka tumɓuke itatuwan. Kaburbura goma sha bakwai suka samu. Aka biya shi diyya, aka ba shi kujera da aikin gadin wurin. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kanta yana hana baƙi taka duwatsu, har gwiwoyinsa suka daina kai shi can. Bai sake dasa komai ba.