Fitila a Gaban Idon Murhu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka yaudari na'ura da fitilar ƙwai ba. Lokacin ina makanike a wani kamfanin zuba kwalta, mun kafa sansani kusa da Dumega, ga damina ta taso mana gadan-gadan.

Bari in yi muku bayani, ku sababbi a aikin nan. Akwai ƙatuwar ganga mai juyawa da ake gasa tsakuwa cikinta kafin a cuɗa da kwalta. A bakinta akwai murhu mai fesa gazuwal, wato man dizal, gefensa kuma 'yar na'ura da muke kira ido. Tana tsinkayar hasken zafin da wuta ke fitarwa, wanda mutum ba ya gani, kuma sai ta ga yana rawa irin ta harshen wuta take yarda. Wuta na mutuwa take datse mai, don kada ya taru cikin ganga mai zafi.

Namu idon ya tsufa, yana tsai da aiki ba gaira ba dalili, har leburori suka fara cewa doguwa ce ta shiga injin. Tun bazara na nemi sabo daga Yamai, aka ce in yi haƙuri.

Ran nan an tura ni Dogon Dutsi gyaran tifa. Bayan tafiyata shugaban sansani, wanda muke kira Shef, ya kira Ɗanbaro mai kula da murhu, magidanci mutumin Kiyeshe, ya ce ya ciro idon daga bakin murhu ya kunna fitila a gaban idon. Harshen fitila ma rawa yake, don haka na'ura za ta ɗauka murhu na ci.

Ɗanbaro ya ce, “Shef, in wuta ta mutu hwa, wa za ya sani?”

“Kai mana. Mi anka ɗauke ka yi?”

Bayan azahar wuta ta mutu, ido na can yana kallon fitila, gazuwal na ta zuba. Ɗanbaro ya ji ƙarar ta sauya, ya buɗe ƙofar leƙawa, iska ta shiga, man ya kama wuta, ganga ta tashi da shi. Ya rayu, amma hannuwansa biyu sun ƙone har yatsu suka naɗe.

Da manya suka zo bincike, Shef ya ce dabarar Ɗanbaro ce, irin ta mutanen ƙauye. Waɗanda suka ji umarnin da kunnensu suka sunkuyar da kai, kowa na da bakin da yake ciyarwa. Na faɗi abin da suka gaya mini, aka tambaye ni ko ina wurin. Ba na wurin. Aka sallami Ɗanbaro a matsayin mai laifi, sabon ido kuwa ya iso kafin a kwance masa bandeji. Har yau abin na ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba a rasa kayan gyara, sai dai a jira wani ya ƙone tukuna. Ina ganin Ɗanbaro ran kasuwar Kore Mairuwa. Ko hauya ba ya iya riƙewa, in mun gaisa da wuyan hannu yake taɓa nawa.