Ɗinki Uku a Ƙarƙashin Ganye

Duk layin teloli Mai Fure suke ce mata, ko da yake rabonta da allura ya kai shekara goma sha huɗu. Aikinta zana adon da keken kwamfuta ke bi ya ɗinka a jikin yadi. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai guga da mai gyaran waya: tebur, fanka mai ƙugi, da kwamfutar da sai an lallashe ta take tashi. Tsantseninta har haushi yake bayarwa. Ganye ɗaya kan cinye mata yini, kuma a ƙarƙashinsa takan ɓoye ɗinki uku da suka saɓa wa sauran hanya, alamar da ita kaɗai ta sani.

Duk zanen da ta gama sai ta matse shi cikin ƙunshin kwamfuta da ake kira zif, ta ajiye a wani shafin intanet mai kalmar sirri. Ƙunshi dubu da ɗari biyu ta tara. Tela ya zo, ta sauke masa guda ɗaya, ba ƙari. Ko mijinta bai san kalmar ba, ya tambaya har ya haƙura.

Rannan saƙo ya zo cewa za a rufe shafin a ƙarshen wata, kowa ya kwashe kayansa. Ta duƙufa tana saukewa ɗaya bayan ɗaya, ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Kwana uku, sittin kacal. A haka ƙaninta ya same ta, wanda ake kira Injiniya. Ita ta goya shi, ga shi yau da gemu da 'ya'ya biyu.

"Yaya, da hannu kike yi? Ai sai ki tsufa a kan kujerar nan," in ji shi.

Ya ja kujera ya rubuta 'yar manhaja wadda za ta shiga shafin da kanta, ta bi jerin ƙunsoshin tana jawowa. Da ya gama ya turo mata kwamfutar.

"Saura kalmar sirri. Buga da kanki, ni ba na ma son in gani."

Ya juya ya fuskanci bango, har da rufe ido da tafin hannu kamar mai wasan ɓuya. Ta yi dariya, ta ji ƙaunarsa har cikin ranta. Kafin rana ta yi sanyi komai ya sauka. Babu wanda bai ji labarin kirkin Injiniya ba a layin nan, ita ta bi shago-shago tana yaɗawa.

Bayan wata biyu teloli suka ɗauke ƙafa. Ta zaci kasuwa ce ta yi sanyi, sai da ta je sayen zare ta ga labulaye jere a wata rumfa, furanninta a jiki. Ta ɗaga ganyen farko. Ɗinki uku. Ta ɗaga na gaba, shi ma haka.

"Wani Injiniya ke sayar da zanen a filashin kwamfuta, sama da dubu a haɗe," in ji mai rumfar. "Kina so in haɗa ku?"

Ba ta yarda ba sai da mai gyaran waya ya buɗe mata manhajar, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Anti, ai ba ya buƙatar ido. Kina bugawa, wannan ya adana kalmar ya tura masa."

Satar ta yi mata ciwo, amma juyawar nan ta fi ƙona mata rai. Tun kafin ya rufe ido ya riga ya rubuta layin.

Da ya zo shagon bai ko musa ba.

"Haba Yaya, ba don ni ba da duk sun bi shafin. Kuma ai abin gida ne."

Ta jawo kwamfuta za ta buga kalmar sirrin sabuwar ma'ajiyar zanenta, shi kuwa ya fara karkata wajen bango.

"Zauna yadda kake," ta ce. "Me ya rage da ba ka gani ba?"