Littattafan Kawu da Bishop na Ingila

Shekarar da aka shafa jan fenti a bangon gidan kawuna a unguwar Jarwal ta Makka, alamar rusau, na kasa zaune na kasa tsaye. Ina aiki a wani otal na alhazai, amma hankalina na ɗakinsa. Littattafai ne jibge har rufi, gadon mahaifinsa. Ɗakin da zai koma a unguwar Hindawiyya ko rabinsu ba zai ci ba, 'ya'yansa kuwa ko a jikinsu.

Tarihi na karanta a jami'a kafin in zo Makka, shi ya sa wani bishop na Ingila, babban limamin coci na zamanin da, ya yi ta faɗo mini a rai. Shi ya koyar da ɗan sarki, ya riƙe baitulmali, ya yi jakadanci. Amma littafi ne ciwonsa. Mai neman alfarma a wurinsa da littafi yake zuwa, ɗakin kwanansa kuwa ba wurin sa ƙafa. Ya yi niyyar bar wa ɗalibai su duka. Da ya mutu suka watse.

Na ba kawu labarin don in tsorata shi. Ya yi dariya.

"Ya waladi, ɗana, shi ya jira mutuwa. Ni ba zan jira ba. Yalla, maza kwashi ka raba wa alhazai, kowa ya kai ɗaya masallacin garinsu."

Haka na yi ta jigila a rana, daga gida zuwa otal. Alhazai suka karɓa hannu bibbiyu, har da masu sumbata. Na manta da sikelin awon kaya na filin jirgi. Kowa ya cika jaka da dabino da dogayen riguna na tsaraba. Da suka tashi, na bi ɗakuna na tarar da littattafan a kan firji da bakin taga. Raina ya ɓaci.

Na tattara su a buhu na mayar masa, ina jiran faɗa. Ya zaro ɗaya, ya goge murfin da hannun rigarsa, ya daɗe yana kallon rubutun mahaifinsa a gefen shafi.

"Wannan ya yi nauyi," in ji shi a hankali. "Gobe 'yan Sakkwato za su tashi. Zaɓo musu ƙanana."